Wa Ke Mulkin Bakin Iyaka? Sabuwar Meksiko Kafin 1848

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Har yau a sassanmu na tarihi ana koyar da Amurka kamar ta fara ne daga Jamestown a 1607, ta yi ta tafiya yamma tana cike fili wanda babu kowa. Wannan ra'ayin masanin tarihi Frederick Jackson Turner ne na 1893, kuma na daɗe ina cewa ya kamata mu ajiye shi. Kwarin kogin Rio Grande, a jihar da ake kira New Mexico (Sabuwar Meksiko) yau, ya ishe mu hujja. Juan de Oñate ya shigo da Sifaniyawa a 1598, aka kafa Santa Fe a 1610, kuma a kan taswira ƙasar ta sarkin Sifen ce. Amma a watan Agustan 1680 ƙauyukan 'yan asalin ƙasa na Pueblo suka haɗa kai ƙarƙashin Popé. Igiya mai ƙulli-ƙulli suka aika gari-gari, kowace safiya a kwance ƙulli ɗaya, har ranar da aka tsayar ta zo. Sun kashe Sifaniyawa kusan 400, cikinsu limaman coci 21, sauran suka gudu El Paso. Shekara 12 babu gwamna a Santa Fe.

Abokan aikina sukan ce ai Diego de Vargas ya dawo da mulkin Sifen a 1692, kenan Sifen ce ta yi nasara. To, ya dawo, amma ya dawo cikin wace ƙasa? Dawakan da aka bari a baya sun bazu cikin jeji, kuma a ƙarni na 18 mayaƙan Comanche a kan doki suka zama masu faɗa a ji. Suna zuwa kasuwar Taos su sayar da fatun ɓauna da nama da mutane, in sun ga dama kuma su kai hari ƙauyen da suka ci kasuwa da shi. Ko da gwamna Juan Bautista de Anza ya kashe shugabansu Cuerno Verde a 1779, ƙarshenta sulhu ya nema, aka ƙulla shi da wani shugaban nasu, Ecueracapa, a 1786, gwamnati tana ba su kyaututtuka a kai a kai. Mai kai gaisuwa kowace shekara, shi ne mai mulki?

Hujjar da na fi dogara da ita, kuma zan daɗe a kanta, ita ce ta mutanen da ake kira genízaros. A doka an hana bautar da 'yan asalin ƙasa, sai aka sa wa cinikin suna fansa. Basifaniye ya je Taos ya sayi yarinyar Apache ko Navajo ko Pawnee wadda aka kamo a hari, ya kai ta coci a yi mata baftisma, a raɗa mata sunan gidansa, ta yi masa aikin niƙa da saƙa shekara da shekaru. Littattafan baftisma na coci-coci cike suke da irin waɗannan yara, an rubuta ƙabilarsu an rubuta ubangidansu, babu sunan uwa babu na uba. Su ne genízaros. Da suka girma suka yi yawa, gwamnati ta ba su filaye a wurare mafi haɗari, kamar Abiquiú a 1754 da kuma Belén, domin maharan su fara cin karo da su. Masana da dama na ƙiyasin cewa zuwa ƙarshen ƙarnin sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'ar lardin. Ku lura, kamun ba ta gefe ɗaya yake ba: akwai 'ya'yan Sifaniyawa da suka tashi a tantunan Comanche, suka yi aure can. James Brooks ya bi diddigin wannan a littafinsa na 2002, Captives and Cousins. A Abiquiú har yau, lokacin bikin Santo Tomás a watan Nuwamba, yara kan yi shigar kamammu su yi rawa, 'yan kallo su miƙa kuɗi a matsayin fansa. Duk wanda ya raba mutanen wannan gari gida biyu, wai ga masu cin ƙasa ga waɗanda aka ci, bai san inda zai sa yaran nan ba.

Masu cewa wannan bayani yana wanke Sifaniyawa, su koma su karanta abin da Oñate ya yi a Acoma a 1599, inda ya yanke hukuncin sare ƙafar maza. Ban wanke kowa ba.

Buƙatata ga kwamitin manhaja ita ce wadda na saba kawowa. A fara kwas ɗin tarihin Amurka daga Rio Grande, yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta 1848, wadda ta miƙa yankin ga Amurka, ta zo a tsakiyar zango, kuma a nemo malamin Sifaniyanci ko da ɗaya ne, domin ɗalibanmu su karanta littattafan baftisman nan da idonsu.