KASHI NA 14: Daga Kirikasamma zuwa Tiga cikin hunturu

Ya sanyi? Mu dai nan Kirikasamma ruwan alwala ma sai an ɗumama. Yau ba ni da baƙo, labarin wata tafiya zan ba ku, wadda ba mu shirya mata ba.

Makonni biyu da suka wuce, bayan isha'i, muna zaune wajen mai shayi ni da wani abokina da muka yi firamare tare. Manomin shinkafa ne. Ambaliyar 2022 ta cinye masa gona, abin da ya rage kuma kachala ta rufe shi. Ya ce min ya gama shawara, kudu zai tafi neman kuɗi, ba ranar dawowa. Ni kuma na hau karatuna na kullum: laifin dam ɗin Tiga ne, mutanen sama sun riƙe ruwa, in ya yi musu yawa su sako mana. Sai ya ajiye kofi ya ce, "Kai ɗan boko, Tigar nan da kake zagi kullum, ka taɓa ganinta da idonka?"

Wallahi shiru na yi. Na yi digiri, na yi taro kan taro a kan kogin nan, amma ban taɓa zuwa inda ya taso ba. Ya ce, "To gobe da asuba." Na ɗauka wasa ne, sai ga shi ƙarfe shida a ƙofar gidanmu da tsohuwar Golf ta yayansa.

Jama'a, hazo ne ranar kamar an zazzage buhun gari. Fitila a kunne, amma da ƙyar kake ganin motar da ke gabanka. Gilashin gefena ba ya rufuwa, muka toshe shi da kwali, na ƙudundune da bargo. A Haɗejiya muka sha mai, muka sayi ƙosai da basilin saboda leɓe, muka kama hanyar Kafin Hausa.

Tsakanin Jahun da Gaya taya ta yi faci. Muka buɗe but, ita ma sifiya ba iska. Abokina ya hau acaɓa da taya neman mai faci, ya bar ni a bakin titi ina karkarwa. Wani dattijo da ke jin ɗumi a ƙofar gidansa ya yafito ni, ya matsa min kusa da wuta, ya sa aka kawo min kunu. Bai tambayi sunana ba sai da na shanye. Allah ya saka masa da alheri.

Da la'asar muka tsaya a gadar Wudil. Ga masu ɗiban yashi a cikin ruwa, a wannan sanyin. Abokina ya leƙa ƙasa ya ce, "Wai wannan ne yake bi ta Ringim ya zo mana?" Na ce shi ne. Kafin nan ne kogin Kano da na Challawa suke haɗewa, su zama kogin da muke kira namu. Muka kwana a Kano, ɗakin wani da muka yi jami'a tare, mu uku katifa ɗaya.

Washegari muka hau titin Zariya. To a nan ne jikina ya fara sanyi. Daga Kura zuwa Kadawa, tsakiyar hunturu, ko'ina kore shar: alkama, albasa, tumatir. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir jere, ana loda wa manyan motoci. Kuma masu aikin nan samari ne irinmu, ƙafa duk kaushi. Muka zauna cin rake da wani daga cikinsu, na faɗa masa daga inda muke da abin da ya kawo mu. Ya ce, "Malam, ni ban taɓa jin sunan garinku ba. Amma in aka rufe ruwan nan wata guda, mu ma mun tashi." Ka ji fa. Shi bai san da mu ba, ni kuma shekara da shekaru ina kallonsa a matsayin wanda ya cuce mu.

Da muka isa Tiga, hazo ya haɗe ruwa da sama, ba ka ganin ƙarshensa. An gama dam ɗin a 1974, zamanin Audu Bako, lokacin duk muna jihar Kano, don sai 1991 aka yi Jigawa. A 1992 aka ƙara na Challawa a Ƙaraye. Iyayenmu suna ba da labarin yadda kogi yake a da: ya cika da damina ya malala fadama, ya janye da rani, a shuka a bayansa, a yi su, makiyaya su shigo. Yanzu da ake sakin ruwa kusan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, kachala ta samu wurin zama. Ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa, ruwa ya karkata ya cika wajen Marma, wasu wuraren kuma su rasa. Jan-baki ya samu maɓoya a cikinta, ya fito ya cinye shinkafa.

Wato zafin da nake ji yana da tushe. Amma "a rushe dam" ba magana ba ce, don birnin Kano ma ruwan nan yake sha. Abin da za mu nema a fili yake: a sanar da mu kafin a saki ruwa, da lokaci isasshe. A tsara sakin yadda fadama za ta cika kuma ta bushe. A yashe hanyoyin ruwa kowace shekara, ba sai an yi asara ba. Mu kuma matasan ƙasa mu nemi matasan sama mu zauna, tunda kogi ɗaya muke ci.

A hanyar dawowa abokina bai yi magana ba har Gaya. Can ya ce, "In kun tashi aikin gayyar yankan kachala, a sa sunana." Na ce, "Kudun fa?" Ya ce, "Ban ce na fasa ba. A bari a ga damina." Ban matsa masa ba, don ba ni nake ciyar da iyalinsa ba.

Shawara ga mai son irin wannan tafiya: duba sifiya, kada ka yi tuƙin dare cikin hazo, ka tafi da bargo.

Aikin gayya Asabar mai zuwa ne in Allah ya kai mu. Kowa ya zo da laujensa. Sai mun haɗu a kashi na gaba. Wassalamu alaikum.