Littafi a Dama, Guduma a Hagu

Jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar ga matasa ɗalibai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah (S) da Alayensa da Sahabbansa.



Maganata da ku ce, ku da ke aji huɗu zuwa shida na sakandare. An ɗora mu a kan cewa ka haƙura ka gama karatu, ka karɓi takarda, sannan a ba ka aiki. To wa zai ba ka? A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki. Yayyenmu da ba su da sana'a a bakin titi suka cinye watannin nan. Masu sana'a kuwa shago suka koma.

'Yan'uwa, wanda cikinsa ke hannun wani, bakinsa ma yana hannunsa. Matashin da bai iya neman na sabulu ba, shi ɗan siyasa ke saye da kuɗin shayi ya riƙe masa gora. Yaya za ka faɗa wa azzalumi gaskiya alhali gobe a ƙofarsa za ka tsuguna?

Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Dawuda (AS), Allah Ya tausasa masa ƙarfe yana ƙera sulke. Annabi Nuhu (AS) da hannunsa ya sassaƙa jirgi. Ya zo a hadisi cewa Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. An kuma ruwaito cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo igiya yake tufkawa ya ci abinci. To kai wane ne da za ka ji kunyar baƙin mai a riga?

Ni ina aji huɗu mahaifina ya damƙa ni ga wani mai haɗa wayar lantarki. Wata shida ban taɓa waya ba, sai shara, ɗaukar tsani da sayo abinci. Na yi fushi na daina zuwa har mako biyu, sai da mahaifina ya mayar da ni ya ba da haƙuri. Shekarar da na rubuta WAEC aka yaye ni, kuma da kuɗin aikina na biya JAMB.

Ga shawara. Na farko, nemi izinin iyaye, su za su kai ka. Na biyu, zaɓi maigida mai tsayar da salla, wanda ba ya sauya wa mutane sabon kaya da tsoho. Na uku, tsara lokaci: boko da safe, shago bayan Azahar, Islamiyya bayan Magariba, Asabar da hutu kuma wuni guda a shago. Lokacin jarrabawa ka nemi uzuri, kada sana'a ta cinye karatu. Na huɗu, in ka ƙware ka nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko ka zauna jarrabawar NABTEB.

Ku leƙa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ku gani. Walda, kanikanci, aikin famfo, haɗa sola, duk suna neman mai amana.

Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya tsayar da sana'ar da zai koya, ya faɗa wa mahaifinsa. Allah Ya sa albarka a hannayenmu, Ya tsare mu daga roƙo.