Jawabi ga 'yan hatsi: takardar da ke jikin kwalbar maganin ƙwari

Mai girma Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayenmu dattawa, 'yan'uwa 'yan kasuwa na Sabo da Bodija da Shasha, muna yi muku barka da zuwa.

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan maganin ƙwari, domin mu 'yan hatsi mu ne muka fi kowa ta'ammali da shi a nan Kurmi. Kowa ya sani, buhun wake in ya baro Dawanau ko Potiskum ya sauka Ibadan, raɓa da zafin ƙasar nan ba sa barinsa ya daɗe. Kafin a ankara ƙwaro ya huhhuda shi, uwar kuɗi ta zama gari. To, neman magani ba laifi ba ne. Abin da ya tara mu shi ne takardar nan da kamfani ke liƙawa a jikin kwalba, wadda yawancin mutane ba sa ko kallonta.

Mu ɗauki Sniper, tunda shi ne ya cika gari. A jikinsa an rubuta DDVP, wato sunan dafin da ke ciki, sannan an sa 1000EC. Ma'anarsa giram 1000 na dafi a kowace lita, ba a sirka ba. An yi shi ne don feshi a gona bayan an tsarma shi da ruwa bisa awo. Babu inda takardar ta ce a yayyafa shi a kan waken da za a auna wa mata gobe su dafa. Irin wannan aiki ne ya jawo Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ƙa'idarsu miligiram 0.01 a kilo ɗaya, sai ga shi sun samu har 4.6 a wani wake. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni barkatai. Kuma jama'a, mu baƙi ne a garin nan. Ranar da aka ce wake ya kwantar da iyali a wata unguwa, ba za a tambayi shagon wa aka saya ba, "waken Hausawa" za a ce.

Wani zai ce shi allo ya yi, bai yi boko ba. Ai masu maganin sun san da irinmu, shi ya sa suka ja layi mai launi a gindin takardar. Ja, dafi ne mai tsanani ƙwarai. Rawaya na biye da shi, sai shuɗi, sai kore wanda ya fi sauƙi, amma shi ma ba ruwan sha ba ne. A kan layin akwai ƙananan hotuna: safar hannu, abin rufe hanci, akwati da kwaɗo, mutum yana wanke hannu a famfo. Sauran kuma, lambar NAFDAC da ranar lalacewa da awo, a kira yaro ɗan makaranta ya karanta. Kuɗin makarantar da muke biya ai ya yi rana ke nan.

Inda muka fi jin tsoro shi ne ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhuna. Ita wannan ba taɓa ƙwaro take yi ba, iska take saki. Ƙwaya ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iska mai guba da zarar ta ji danshi, kuma danshi a nan ba ya yankewa. Takardarta ta ce aikin wanda aka horar ne, a wurin da aka toshe ruf, nesa da inda mutane ke kwana, kuma in an buɗe a bar iska ta ratsa kafin a shiga. Yanzu ku duba sitocinmu. Wa ke kwana a kan buhunan? 'Yan dako ne da yaran shago, 'ya'yan mutane da aka ba mu amana daga gida. Iskar nan tana bin tsagar bango ta shiga ɗakin maƙwabci, kuma ba ta da makari a asibiti, sai dai a tallafa wa mutum a ga abin da Allah zai yi. Wanda ba zai iya cika sharuɗɗanta ba, ya nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. In aka ɗaure shi da kyau ƙwaro ba ya samun numfashi, ba sai an sa komai ba.

Sai maganar fiya-fiya da ake ɗurawa a kwalbar lemo ana yawo da ita a tasha. Ba suna, ba awo, ba wanda ya san abin da aka haɗa. Yaro ya ganta a ƙarƙashin gado, lemo zai ɗauka. Muna roƙon masu sayar da magani a cikinmu su bar tsiyaye shi daga mazubinsa, kwalbar da ta ƙare kuma a huda ta, kada ta koma gida a zuba mata man gyaɗa.

In kuwa tsautsayi ya faru, aka ga mutum yana dalalar da yawu, gumi na karyo masa, numfashi na sarƙewa, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai dole. A fitar da shi iska, a cire rigar da ta jiƙe, a wanke jikin da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti. Kuma a tafi da kwalbar, domin sunan dafin da ke jikinta likita zai duba ya san allurar da zai yi.