Gyambon Baki: Wanda Ake Jira da Wanda Ba A Jira



Wannan lacca ta shafi wani ciwo ne da wuya a sami gidan da bai taɓa shiga ba a ƙasar Rano da Kibiya, watau gyambon da kan fito a cikin baki. Yawansa ne ya sa aka raina shi. Galibi rainin ba ya jawo kome, amma akwai irin da kan ci rai, kuma wajibi ne mai ilimi ya iya rarrabe su.

Wanda aka fi sani shi ne ɗan miki zagayayye, fari a tsakiya, ja a gefe, a cikin leɓe ko kumatu ko ƙarƙashin harshe. Sau da yawa bai kai ƙwayar wake ba, amma zafinsa ya isa ya hana ƙato cin tuwo. Ba a ɗaukarsa daga wani. Abubuwan da kan tayar da shi sun haɗa da cizon harshe, da karyayyen haƙori, da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko bitamin B12 a jiki, da damuwa da rashin barci, abin da ɗalibai suka sani sarai a makon jarrabawa. Yakan warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 14.

Tun da haka ne, manufar magani ita ce rage zafi domin mutum ya iya ci da sha. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, a kurkure baki sau uku ko huɗu a yini. A dakata da yaji da tsamiya da lemon tsami da goro, a bar kunu ya huce kafin a sha. Farasitamol yana rage raɗaɗi, ruwan kurkure baki na kilohezidin kuma yana tsare mikin daga ƙwayoyin cuta. Zuma tana sanyaya wurin, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Masu tafasa bagaruwa su kurkure ba su rasa hujja ba, gama tana ɗaure fata. Abin da ba shi da hujja ko kaɗan shi ne ɗora asfirin ko kanwa a kan mikin, domin ƙuna ce kawai ake ƙarawa a kan ƙuna.

Ga babba, ƙa'ida guda ce: mikin da ya wuce mako uku bai warke ba, ko da ba ya zafi, musamman ga mai shan taba, likita ne zai duba shi, gama haka ciwon daji na baki kan faro. Babban Asibitin Rano ne matakin farko, daga nan sai likitocin haƙori na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Ga yaro kuwa, ba a jiran mako uku, ko kwana uku ma ba a jira. Akwai cutar da likitoci ke kira noma, wadda a wasu wurare ake cewa ciwon iska, alhali kuwa iska ba ta da hannu a ciki. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda tamowa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya san ƙauyukan Kibiya ya san yadda waɗannan ke bin juna: ƙyanda da bazara, sa'an nan damina ta zo da sauro a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Cutar takan fara da kumburin dasashi da zubar jini da warin baki, sai kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya mutu, kumatu ya huje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa har kashi 90 cikin 100 na yaran da ba a yi wa magani ba sukan mutu. Waɗanda suka tsira, wasu muƙamuƙinsu kan ƙage, ba cin kirki, ba magana sosai.

Abin takaici shi ne, a matakin farko maganinta ba shi da tsada: tsabtace baki, da amokisilin da Flagyl bisa umarnin ma'aikacin lafiya, da abinci mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da nono da zogale. Idan aka makara, sai tiyata iri iri. Saboda haka aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato a 1999, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, a watan Disamba na 2023.

Daga Kibiya zuwa Sakkwato tafiya ce mai nisa, da kuɗin mota da barin gona. Malamin asibitin ƙauye, da ungozoma, da malamin makaranta suna iya rage masu yin ta, in sun saba da ɗaga leɓen yaron da ya tashi daga ƙyanda ko ya ƙi abinci, su dubi dasashinsa, su kuma tambayi uwarsa ko an yi masa allurar rigakafin ƙyanda, ta wata 9 da ta wata 15.