Shanun Dutsen Birnin Kudu da Shanun Karar Wudil

  

Wasiƙar da muka ɗauko yau daga Wudil ta fito, daga wani bawan Allah da ya ce shi manomi ne, ran Juma'a kuma dillalin shanu ne a Kara. Ya ce ɗansa da ke karatu ya nuna masa hoton wani bango a cikin waya, an ja masa layi-layi da fenti, shuɗi da ja, wai da shi Turawa suke nuna sauyin yanayi. Malamin ya ce shi dai dariya abin ya ba shi. Ga tambayarsa: mutumin da geronsa ya bushe a tsaye, ko ruwa ya cinye masa shinkafa a fadama, me fenti a jikin bango zai tsinana masa? Sai ya ƙara da ta biyu. Ya ce ya sha jin direbobi suna faɗin wai akwai zanen shanu a jikin dutse a Birnin Kudu, shin gaskiya ne, ko hirar tasha ce kawai?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Bari mu fara da ta biyun, domin amsar ta farkon tana cikinta.

Gaskiya ne, direbobi ba su yi maka ƙarya ba. Idan ka tashi daga Wudil ka bi ta Kachako, ka wuce Kwanar Huguma, tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba za ka isa Birnin Kudu, wadda a cikin Jihar Kano take har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A nan akwai Dutsen Habude, da Dutsen Mesa, da Dutsen Murufu, da wasunsu. A ƙarƙashin inuwar duwatsun, inda ruwan sama ba ya bugu sosai, mutanen da suka zauna a wurin tun kafin a fara rubuta tarihin ƙasar nan sun zana dabbobi, galibi shanu, da launin jar ƙasa. A shekarun 1950 ne masu binciken kayan tarihi suka rubuta labarin wurin, cikinsu har da wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda kuma ya ba da labarin duwatsun wurin masu amo kamar kuge idan an buga su. Yau wuraren suna cikin jerin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ta keɓe. Akwai irin wannan zane a Geji da Shira a Jihar Bauchi.

Amma Malam, tunda kai dillali ne, na tabbata idan ka tsaya gaban zanen nan ba za ka yi minti biyu ba sai ka ce, "Af! Ina tozon?" Galibin shanun dutsen nan ba su da tozo. Wasu dogayen ƙaho gare su, wasu gajeru, amma gadon bayansu a miƙe yake. To duba abin da kake ciniki a kai duk Juma'a: Bunaji ne, ko Rahaji, ko Bokolo, kowanne da tozonsa. Su masu tozon nan baƙi ne, asalinsu wajen Indiya da Pakistan, ta gabashin Afirka suka shigo, suka yaɗu domin sun fi jure zafi da ƙishirwa da doguwar tafiya. Marasa tozon sai suka ja da baya. Muturu ya saura a kudu, inda ake da duhuwa da ƙudan tsando, saboda sammore ba ta cika kayar da shi ba. Kuri kuma, mai manyan ƙahonin nan, ya saura a tsibiran Tafkin Chadi. Ban ce yanayi ne kaɗai ya canza garken ba, akwai fatauci, akwai ƙaura, akwai zaɓin makiyaya. Amma makiyayi ba ya zaɓen saniyar da ƙasa ba za ta riƙe masa ba.

Idan kuma aka nausa arewa, shaidar ta fi haka fitowa fili. A Jamhuriyar Nijar, arewa da Agadas a kan hanyar Arlit, akwai wani wuri da ake kira Dabous. A nan an sassaƙa raƙuman dawa biyu a kan dutse, babban ya haura mita 5, an fitar da zanen fatarsa dalla-dalla. Masana sun ƙiyasta aikin ya kai shekara 6,000 ko fiye. Yau wurin rairayi ne da duwatsu. Galibin raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma suna can kudu, wajen Kure kusa da Yamai, kuma a 1996 saura kimanin 50 suka rage kafin a tashi tsaye a kan kare su. Can gaba a Aljeriya, a duwatsun Tassili, akwai dubban zane-zane na giwaye da dorina da makiyaya da garkunansu, a tsakiyar hamadar da yau ko akuya sai ta yi da gaske. Wanda ya zana dorina ai ya ga dorina, dorina kuwa ba ta zama inda babu ruwa. Tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ƙasar ciyawa ce da tafkuna. Mu ma nan gida muna da tamu shaidar: a 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda aka auna shekarunsa sun kai 8,000.

A nan sai a yi hattara, domin na san wani zai ce, "To ashe dama can yanayi yana canzawa, mene ne na tayar da hankali?" Akwai bambanci. Wancan canjin ya faru ne saboda duniya tana layi a cikin juyawarta, kamar yadda katantanwar yara take layi in an murza ta, sai wurin da zafin rana ya fi bugu da bazara ya gusa, damina ta bi shi. Zagaye ɗaya na wannan layi yana cin shekara sama da 20,000, saboda haka mutane sun samu sararin janyewa kudu sannu a hankali, kaka ya matsa kaɗan, jika ya ƙara matsawa. Na yanzu kuwa hayaƙin fetur da gas da kwal ne ya taru a sama yana riƙe zafi, kamar an lulluɓa wa duniya bargo. Cikin shekara 150 kacal zafin duniya ya ƙaru da digiri ɗaya da ɗoriya, kuma ba a taɓa auna shekarar da ta kai 2024 zafi ba a duk shekarun da suka gabace ta. Ga shi kuma babu sauran daji a kudu da za a janye a shiga, ko'ina gonar wani ce.

Yanzu mu dawo kan bangon da ɗanka ya nuna maka. Wani malamin jami'ar Reading a Ingila, Ed Hawkins, shi ya fito da wannan zane a 2018. Kowane layi shekara ɗaya ce, tun daga 1850. Shekarar da ta fi sanyi a ba ta shuɗi, wadda ta fi zafi a ba ta ja. In ka bi shi daga hagu zuwa dama, sai ka ga shuɗi yana ƙarewa, ja yana ƙara duhu. Ba lamba, ba Turanci, wanda bai taɓa shiga aji ba ma zai karanta. Wani kuma mai suna Olafur Eliasson, a 2015, ya sa aka kwaso manyan curin ƙanƙara 12 daga Girinlan aka jera a wani dandali a birnin Paris lokacin babban taron yanayi, mutane suna kallo suna narkewa. Ni dai a ganina wannan na ƙanƙara na mutanen can ne, mu da sai a firji muke ganinta ba zai taɓa mu ba. Amma na layi-layin nan, akwai abin ɗauka a ciki.

Ka ce me fenti zai tsinana wa wanda geronsa ya bushe. Ba zai cika masa rumbu ba, wannan kam ba musu. Abin da yake yi shi ne ya riƙe abin da kai yake mantawa. Zauna a gindin bishiya da dattawa uku ka tambaye su yaushe ake shuka a da. Ɗaya zai ce watan biyar, ɗaya ya ce ƙarya ne sai watan shida, na ukun ya ce a tambayi wane, wane kuwa ya rasu bara. An yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi farin 1973, an yi na 1984. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, kafin daga baya ya ɗan farfaɗo. Sannan ruwa ya dawo, amma da wani hali: wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Kun ga abin da ambaliya ta yi a Jigawa a 2022, kun ji na Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. To a garinku, wane bango ne zai nuna wa yaro ɗan shekara goma sha biyar inda ruwa ya tsaya a shekara kaza?

Wasu al'ummu sun yi wannan dabara tun tuni. A Masar, a tsibirin Rauda da ke Alƙahira, akwai wani ginshiƙi mai ma'auni a cikin rijiya, da aka gina a shekara ta 861 zamanin Abbasiyawa, a da can da shi ake duba cikar Kogin Nilu, a san ko shekarar ta ƙoshi ce ko ta yunwa, har haraji da shi ake yankawa. A ƙasar Cek kuma, a cikin Kogin Elbe, akwai duwatsun da ake kira duwatsun yunwa, waɗanda ba a ganinsu sai ruwa ya ja sosai. Duk shekarar da suka fito sai a sassaƙa ta a jiki, akwai mai ɗauke da 1616. A 2018 da 2022 sun sake bayyana.

Ga inda abin ya shafi aljihunka, Malam. Da rani ake cinikin fili. Mutum ya zo ya ga wuri a bushe ƙayau kusa da kogi, ya sayar da bijiminsa ya biya, ya yi gini, watan takwas ruwa ya zo ya ce wurinsa ne. Da akwai jan layi a jikin bangon makwabta, da shekara a rubuce a gefensa, ai da ba a yi wannan ciniki ba, ko a yi shi a kan farashinsa na gaskiya. Kuma kada a ɗora wa sama laifin komai. Kogin da ya ratsa Wudil ya canza hali tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992. Mai lura sai ya rubuta har da ranar da aka sako ruwa, don a bambance na hadari da na madatsa.

Saboda haka ga shawarata, kuma ba ta bukatar ɗan kwangila. Ku nemi izinin mai unguwa ko hedimasta, ku samu bango ɗaya mai siminti, na makaranta ko na shagon kasuwa. Masu zanen nan ba sai an ɗauko su daga Turai ba. Wanda yake rubuta wa manyan motoci kirari a baya, da maginin da yake yi wa zaure ado, duk sun iya. Kowace shekara a ja layi ɗaya: kore idan damina ta yi kyau, ja idan an yi fari, shuɗi idan ruwa ya yi ɓarna. A ƙasansa a rubuta ranar da aka yi shuka, da ko an sake shuka, da ranar ruwan ƙarshe. Shekarun baya kuma a tara dattawa tun suna raye, a cike abin da suka haɗu a kai, wanda suka saɓa a bar gurbinsa. A gefe guda a zana itatuwan da garin yake da su a da, ɗorawa, kaɗanya, ɗinya, kanya, gawo, rimi, a sa alama a kan wadda yanzu sai an yi tafiya kafin a gan ta. Na san wani zai tayar da maganar hukuncin zane. Wannan fagen malamai ne, a tambaye su, amma sananne ne cewa galibinsu ba su hana zanen itace ko kogi ba, balle layi da lamba.

In kuma Allah ya kai ka Birnin Kudu, Malam, ka nemi ma'aikatan da ke kula da wurin su shiga da kai. Ka ja wa yaran da ka je da su kunne kada su shafa zanen da hannu, kada su watsa masa ruwa wai don ya fito a hoto, kada kuma wani ya ɗauki gawayi ya rubuta sunansa a kai. In ka dawo ka rubuto mana, ka faɗa mana nawa za ka yi wa saniyar dutsen nan kuɗi da a ce ran Juma'a an shigo da ita Kara.

Jama'a, agogo ya cim mana. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.