Sauya Tiyon Mai A Motar Gona

Jama'a manoma, masu Landiroba mai shan gas da aka ƙara wa tanki, ku saurara. In tiyon mai ya tsage, kada ku sa na ruwa, gas zai cinye shi ya toshe filta. Ku bi da sabon ta cikin shasi, nesa da salansa, ku ɗaure shi duk bayan ƙafa ɗaya. Wanda aka bari yana lilo, kututture zai fizge shi a tsakiyar daji, ga tumatir cike da mota. In kun gama, ku sassauta notin kan filta, ku yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare. Muddin da iska a ciki, inji ba zai tashi ba.