Sunan da ke jikin galan ɗinmu: jawabin ma'ajiya a taron cikar shekara



Ni ba 'yar boko ba ce, kun sani, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci. To amma karatun nan ne ya sa bara, a kasuwar Jega, na karanta sunanmu a jikin galan ɗin man gyaɗa wanda ba namu ba. Har hoton ƙwaryar ma an kwafa. Na buɗe na sunsuna, wallahi gauraye ne. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ina takardarku?" Na yi tsuru-tsuru.

Da na bincika, ashe rajistar ƙungiya daban, lambar NAFDAC daban, rajistar tambari kuma daban. Ita ta ukun ce ba mu da ita. Ana yin ta a Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Dokar tun ta 1965 ce, an yi mata gyara a 2023, yanzu har siffar kaya da mazubinsu suna iya shiga. In an yi, shekara 7 take yi, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Kaya kuma aji-aji ne: man gyaɗa na aji 29, shinkafa na aji 30, kowanne da kuɗinsa.

Abin da ya fi tayar min da hankali: wanda ya riga kai takarda shi ke da ƙarfi. Mutumin nan in ya riga mu, mu da muka soya gyaɗar mu ne za mu koma neman shaida a kotu. Kuma suna irin "Mai Kyau" ko sunan gari zalla ba a cika karɓa ba, don kowa na da haƙƙi a kai. Ƙwaryarmu ce za ta cece mu.

Masu kai kaya Gaya ta Kamba, ku saurara. Takardar Abuja ba ta tsallaka iyaka. Nijar tana cikin wata ƙungiya, OAPI, mai ƙasashe 17, ofishinta a Yawunde ta Kamaru. Rajista ɗaya can ta game su duka, har Benin. Najeriya ba ta ciki. Ta nan ne maƙwabtanmu suka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista a 2021, ba wanda zai ɗebo albasa ko'ina ya laƙa mata Galmi. Na ce oh, ga albasar Aliero a ƙofarmu, buhu-buhu tana tafiya ba suna!

A 2023 shugabannin Afirka sun amince da wata yarjejeniya kan irin waɗannan haƙƙoƙi a kasuwar bai-ɗaya. Madalla, amma ni ban ga za mu zauna jiranta ba.

Shawarata, mu fara da man gyaɗa kaɗai, shi ne aka sata. Shinkafa ta jira baɗi. Na san wasu za su ce kuɗin nan gara a sayi injin markaɗe, Inna ta riga ta faɗa min a mota. Ban ƙi ba, Inna, amma injin zai markaɗa wa wani ne in sunan ya tafi. Hajiya Shugaba, ina roƙon a sa maganar a zaman wata mai zuwa, a kaɗa ƙuri'a. Galan ɗin jabun na nan na zo da shi, kowa ta zo ta sunsuna.